Garambawul ɗin Dokar Fitar da Bindigogi a Amurka da Tasirinsa kan Masu Gyaran Bindiga

Garambawul ɗin dokar fitar da bindigogi sauyi ne da gwamnatin Amurka ta aiwatar a shekarar 2020, inda ta ɗauke ikon ba da lasisin sayar da yawancin ƙananan bindigogi da harsasai zuwa ƙetare daga hannun Ma'aikatar Harkokin Waje, ta danƙa shi ga Ma'aikatar Kasuwanci. Ko da yake dokar ta shafi cinikin ƙasa da ƙasa ne, cikin waɗanda suka fi jin ta a jika har da masu ƙananan shagunan gyaran bindiga, waɗanda akasarinsu ba su taɓa aika ko da ƙusa ɗaya zuwa wata ƙasa ba.

Tushen matsalar yana cikin dokar kula da fitar da makamai ta 1976 da ƙa'idojinta da aka fi sani da ITAR, waɗanda suka sanya bindigar farauta a jerin kayan yaƙi guda da tankoki da makamai masu linzami. Ƙa'idojin sun wajabta wa duk mai ƙera wani abu daga wannan jeri ya yi rajista da Ma'aikatar Harkokin Waje ko da ba ya fitar da kaya waje, kuma mafi ƙarancin kuɗin rajistar a lokacin dala 2,250 ne a kowace shekara.

A ranar 22 ga Yulin 2016, ofishin da ke kula da cinikin kayan tsaro a ma'aikatar ya fitar da bayani domin raba gyara da ƙira. Bisa wannan bayani, mai gyaran da ya cire kunamar bindiga da ta lalace ya sa irinta, ko ya yi wa bindiga fenti ko zane, ba ya buƙatar rajista. Amma da zarar ya ɗora bututun bindiga a kan inji ya yanka masa zaren sukuru a baki, ko ya rarake mazaunin harsashi domin ya ɗauki wani samfurin, to doka ta ɗauke shi maƙerin makamai. Waɗannan kuwa ayyuka ne na yau da gobe a sana'ar. Nauyin yana fitowa fili idan aka tuna cewa lasisin da ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi a cikin Amurka, ke bai wa mai gyaran bindiga dala 200 ne kacal na shekara ukun farko, saboda haka ga wanda ke sana'ar shi kaɗai a bayan gidansa kuɗin rajistar na iya cinye ribarsa.

Shugaba Barack Obama ne ya ƙaddamar da shirin gyara dokokin fitar da kayan tsaro a 2009, kuma an sauya yawancin rukunonin jerin a zamaninsa, sai dai an jingine na bindigogi bayan harin bindiga da aka kai makarantar firamare ta Sandy Hook a Disambar 2012. Gwamnatin Donald Trump ta gabatar da daftari a Mayun 2018, ta wallafa dokar ƙarshe ranar 23 ga Janairun 2020, ta fara aiki ranar 9 ga Maris. Bindigogin da ba masu sarrafa kansu gaba ɗaya ba, waɗanda faɗin bakinsu bai wuce milimita 12.7 ba, suka koma ƙarƙashin Ma'aikatar Kasuwanci, wadda ba ta neman rajista kuma ba ta karɓar kuɗin lasisi. Bindigogi masu aman wuta ba tsayawa, da na'urar danne ƙarar harbi, da gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 50, duk sun ci gaba da zama a tsohon jeri, don haka mai aiki a kansu bai tsira daga rajistar ba.

Sauƙin da masu gyara suka samu a bayyane yake, amma an haɗa shi a ƙunshi ɗaya da wani abu mafi girma. Sanata Bob Menendez da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi suka cewa Majalisar Dokokin Amurka ta rasa damar da take da ita ta samun sanarwa kan duk cinikin bindigogi da ya kai dala miliyan 1, yayin da wasu jihohi suka garzaya kotu kan batun yaɗa zanen ƙera bindiga da firinta mai fitar da siffa (3D).

Daga baya an yi ta tufka da warwara. A Oktoban 2023 gwamnatin Joe Biden ta dakatar da ba da yawancin sababbin lasisi, sannan a Afrilun 2024 ta rage wa'adin lasisi daga shekara huɗu zuwa ɗaya, ta kuma tsaurara sayarwa ga waɗanda ba hukuma ba a ƙasashe 36, ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi. An soke waɗannan matakai a Satumbar 2025. Babu ɗaya daga cikinsu da ya maido da wajibcin rajista a kan masu gyaran bindigogin fararen hula.