Tsohuwar Hilux mai gas (dizal): in yi ciko in canza ko in riƙe abata?

Tambayar nan ta ishe ni haka. Ba a rufa sati sai mutum uku ko huɗu sun tare ni da ita, wani a bakin gareji, wani a ƙofar masallaci ana sallamewa, wani ma ƙarfe goma na dare zai kira wai Oga yi haƙuri na tashe ka, dama kan maganar motar nan ne. To ga shi na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata wannan zan tura masa, kada ya ji haushi.

Oga motata ta haura shekara 20, ai lokacin canji ya yi ko?

Wa ya ce maka? Shekaru ba cuta ba ne a jikin mota. Faɗa min abin da ta yi maka tukuna.

Ni fa ban ga bambanci ba, ba duk gas suke sha ba?

Duk gas ne amma ba ciki ɗaya ba. Tsofaffin masu injin 2L, 3L da 5L famfo ne ke tura mai zuwa nozul masu fesa shi cikin inji, ƙarfe da ƙarfe, in ka cire 5L-E da aka ɗan saka wa lantarki a famfon. Wajen 2005 bodin da ake kira Vigo ya shigo, nan D-4D ya zama ruwan dare, injin 2KD da 1KD, kwamfuta ce ke raba man. A 2015 kuma aka fito da wadda ake cewa Revo mai 2GD lita 2.4 da 1GD lita 2.8. Ka fara sanin wanne ne a gaban motarka kafin ka kira ni, akwai wanda ya shekara bakwai da mota bai taɓa duba lambar injinta ba.

Sabuwar ta fi ƙarfi?

Nesa ba kusa ba. 1GD ya kusa ninka 5L. Ba na musu a nan.

Ta fi sauƙin shan mai?

Yawanci eh, in lafiyarta ƙalau. Amma ɗan rarar da za ka samu a tanki ba za ta biya maka kuɗin cikon ba nan kusa, sai in kullum kana kan hanya. Ɗauki biro ka yi lissafi, daina jin ta bakin dillali.

Wani dillali ya ce in kawo tawa ya ba ni wata in cika kuɗi, ya kake gani?

Ina ganin sau biyu za a yanke ka. Zai karya taka ya ce shasi ya gaji, fenti ya tashi, kasuwar gas ta mutu, sannan ya ɗaga tasa, kai kuma cikon kawai kake kallo ba ka san nawa aka yi wa kowacce kuɗi ba. Kuma wallahi kasuwar tsohuwar Hilux ba ta mutu ba, masu kai kaya kasuwannin ƙauye nemanta suke ido rufe. Sayar da taka daban, riƙe kuɗinka a hannu, sannan ka je ciniki. In dole sai musayar, to a faɗi farashin kowacce a gaban shaidu, a kuma faɗi wa zai biya la'ada.

Tawa 5L ce, ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, da safe sai an sha fama ta tashi. Aikina ɗaukar hatsi ne daga ƙauye, can nake shan mai wani lokacin. In yi mata ringi ko in sayar in ɗauki D-4D?

Yawwa, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma tun yanzu in gaya maka ba ni da amsa guda ɗaya, ya danganta.

Da farko ba kowane hayaƙi ne ke nufin inji ya mutu ba. Baƙin hayaƙi in ka taka, sau tari nozul ne ko filtar iska ta toshe da ƙurar hanya ko an taɓa famfo an ƙara mai. Fari da sassafe wanda ke ɗaukewa in ta yi zafi, duba hita fulogi masu ɗumama cikin inji kafin a tayar, mai yiwuwa biyu sun mutu, shi ne ma wahalar tashin. Shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen baƙin mai shi ne abin tsoro. Ka tayar da ita ta yi zafi, ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In ya zauna yana ɗan rawa, da sauranta. In iska na cilla shi tana fesa maka mai a hannun riga, to ringin fistin sun tafi, wataƙila har da silib, wato bangon ramin da fistin ke hawa da sauka. Wannan gwajin bakin titi ne fa, ba ya maye gurbin a auna kamfireshan, wato ƙarfin matsin iska a cikin inji, amma zai nuna maka inda aka dosa.

To a ce ringin ne. Kafin ka kashe ko sisi ka shiga ƙarƙashinta da guduma ƙarama da tocila. Ƙwanƙwasa shasi, musamman inda sifirin na baya ke ratayawa da wajen da bodi ya zauna. In ƙara take yi tsaf-tsaf, ba tsagewa ba tsohon walda a kan walda, ni a ganina gyara ya fi, domin injin 5L abu ne da kusan kowane gari akwai wanda ya iya buɗe shi, kayansa kuma Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba za ka rasa ba, sai dai ka yi hattara da jabu don yanzu kwalin ma ba ya bambanta. In kuwa guduma ta nutse ko tsatsa na zubo maka a fuska kamar garin dawa, kada ka zuba sabon inji a kan gawa, sayar.

Sai maganar man ƙauye, wadda ita ce ta sa nake jan ƙafa kan D-4D ɗin. Tsohon famfo yana da haƙuri, ba wai yana son ƙazamin mai ba ne amma yakan yi tari ya wuce. Na kwamfuta ba ya yafiya. Matsin da yake tura mai da shi ya ninka na tsohon sau da yawa, ramukan injekta, wato nozul ɗinsa, kuma sirara ne ƙwarai, kuma man ne da kansa ke shafe cikin famfon, saboda haka ɗan ruwa ko datti ya isa. Kwanaki wani bawan Allah ya jawo min tasa da igiya, wata uku da saye, ya sha gas na jarka a hanyar dawowa daga kasuwa. Muka kwance ƙasan filta muka tara a gorar ruwa, muka ajiye kan benci, kafin mu gama shan shayi ruwa ya kwanta a ƙasa kusan yatsa biyu, man na sama kalar tsohon man suya. Injekta huɗu duk sai da aka canza, kuma su ba a ɗaurawa kawai a tafi, kowacce da lambarta da sai an shigar wa kwamfuta. Mutumin nan ya zauna kan taya ya yi shiru har na ji tausayinsa.

Amma kar in tsorata ka fiye da kima. Akwai masu D-4D da ke shiga daji shekara da shekaru lafiya lau, sirrinsu kawai suna cika tanki a gidan man da suka yarda da shi, su ɗauki jarkarsu daga gari, su canza filta kafin lokacinta, fitilar ruwa na kamawa su tsaya su tsiyaye. In ka san za ka iya wannan, kuma ba yaro za ka miƙa wa makulli ya riƙa cin canjin kuɗin mai ba, kuma akwai mai na'urar duba kwamfuta a inda za ka iya kaiwa cikin yini guda, to bismilla, za ka ji daɗin ƙarfin da sanyin tafiya. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, ni dai da ni ne ringi zan yi. Na ce da ni ne. Ban ga motarka ba.

An ce in nemi 'yar Turai, ta fi tsafta.

Ciki ya fi tsafta, eh. Amma tana zuwa da tukunyar tace hayaƙi a salansa, DPF, sababbin har da tankin AdBlue, wani ruwa na rage gubar hayaƙi. An yi su ne don man da sulfa ɗinsa ya yi ƙasa sosai da kuma doguwar tafiya. Kai kuma daga gida zuwa shago ne cikin gosulo, tukunyar za ta toshe, mota ta ƙi ja. Sai a ce a fasa a cire, a taɓa kwamfuta, in mai aikin bai ƙware ba ka shiga zarya. Sannan ka duba tsatsa a ƙasa, gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara.

To in koma mai fetur mana?

A Najeriya dama yawancin Hilux da kake gani na hukumomi da kamfanoni fetur ne, injin 2.7, kuma mai sauƙin sha'ani ne, kowane bakanike ya san shi. Da can da ake tallafin fetur wannan shawara ba ta buƙatar tunani, musamman da gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022. Tun da aka cire tallafin a Mayun 2023 lissafin ya canza, kuma da lodi a baya 2.7 shan mai yake kamar ba gobe. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma ku lissafinku daban ne, ku duba farashin gidan manku, kada ku ɗauki namu.

Mita ta nuna ba ta yi tafiya da yawa ba.

Haba malam. Har yanzu akwai mai yarda da mita? Duba fedar kulochi da sitiyari da gefen kujerar direba, su ba a juya su.

Me zan tambaya in na je ganin D-4D?

Yaushe aka canza bel na taimin, don a kilomita 150,000 fitilar T-BELT ke kamawa kuma wasu kashe fitilar kawai suke yi. In 1KD ce ka tambayi ɗan zoben ƙarfen nan, wasa, da ke ƙarƙashin injekta, in tana yoyo baƙin mai na daskarewa ya toshe rariyar famfon mai, inji ya buga. GD sarƙa ce ba bel ba. Kuma ka je da safe ka same ta da sanyi, in ka tarar an riga an ɗumama ta ka tambayi dalili.

Takardu fa?

Wannan ma sai na faɗa? A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu, amma ba a fasa shigowa da su ta daji ba. Ɗauki lambar shasi da idonka daga jikin ƙarfen, ba daga takarda ba, ka je ofishin kwastan a tabbatar an biya. Tsohuwarka ko ba komai ba wanda zai ƙwace maka ita a hanyar Abuja.

Gaskiya Oga abokaina ne ke min dariya, har a gida an fara magana.

To ka faɗi haka tun farko mana, ka sa na yi ta zuba. In kana da kuɗin da ba na jari ba ne kuma ba bashi ba, je ka saya, ba haramun ba ne mutum ya so abu mai kyau. In babu, kai ta wajen mai fenti, a gyara kujeru, a sa mata taya huɗu sababbi.

Za ka raka ni dubawa?

In ranar Juma'a ce a'a. Sauran ranaku ka zo da wuri, kuma kai za ka sha mana mai.