Kalmomin tsari da kintsi a harshen Japananci

Japananci na da tarin kalmomi na bayyana tsari da kintsi. Manyan cikinsu, irin na jarida da takardun ofis, yawanci da haruffan Sinanci aka gina su, kuma da dama na ɗauke da harafin 整 da ake karantawa "sei", wato daidaita abu. A hirar gida kam an fi jin kirei, mai nufin kyau da tsafta gaba ɗaya.

Seiri da seiton

Akan haɗa su a ce seiri-seiton, haka za ka gan shi manne a bangon aji ko masana'anta, amma fa ba abu ɗaya ba ne. Seiri shi ne ka tantance kayanka, mara amfani ka fitar da shi. Seiton kuma ka ba abin da ya rage mazauninsa, kamar yadda ake zana siffar kowace sifana da guduma a jikin allo a wajen aiki, da an ɗauke ɗaya kowa zai ga gurbinta. Su biyun ne farkon 5S, wani tsari na kintsa wurin aiki mai matakai biyar da sunan kowanne ke farawa da harafin S, sai seisō, shara da goge-goge, sai seiketsu, ɗorewa a kan tsafta, da shitsuke, sabawa da bin ƙa'ida. Ana yawan danganta 5S da Toyota, amma akwai saɓani kan wanda ya fara shi.

Kichōmen

Wannan ta fi kowacce tarihi mai daɗi. A zamanin Heian, 794 zuwa 1185, matan fada kan zauna a bayan wani labule mai ƙafafun katako da ake ɗauka a matsar, sunansa kichō. Kafintoci kan sassaƙe kusurwar sandunansa su fitar da wani siririn layi a gefe, aiki ne da in hannu ya ɗan goce shi ke nan katakon ya lalace, to wannan gefen shi ake kira kichōmen. Daga baya, ana jin a zamanin Edo ne, 1603 zuwa 1868, sai kalmar ta koma kan mutum mai ƙa'ida, wanda ba ya saɓa lokaci kuma ko rasit ba ya yarwa. Yawanci yabo ne.

Sauran

Seizen na siffanta abin da ya jeru reras, kamar layin masu jiran jirgin ƙasa, ko hujjar da aka kawo daki-daki. Chitsujo tsarin zaman al'umma ne da bin doka. Keppeki kuwa tsaftar da ta yi yawa ce har ta zama damuwa.