Muhawara a ƙasar Katsina

Muhawara ita ce mutum biyu ko ɓangare biyu su ɗauki magana guda da aka yi saɓani a kanta, kowa ya kawo hujjarsa a gaban masu sauraro, ɗayan ya saurara sannan ya mayar da martani. Kalmar daga Larabci ta shigo Hausa. A bakin Katsinawa akwai 'yan uwanta da yawa kuma ba ɗaya suke ba: musu shi ne na "an yi" da "ba a yi ba", gardama ita ce wadda kowa ya kafe ba ya ko jin na gabansa, cacar baka kuwa an riga an fara zafi. Muƙabala ta malamai ce, a baje littattafai a ce buɗe shafi kaza. Abin da ya raba muhawara da sauran shi ne hujja, da kuma yarda tun farko cewa in ta ɗan uwanka ta fi taka ƙarfi za ka sallama.

Asali

Abin ya daɗe a nan. Katsina garin karatu ce tun zamanin hasumiyar Gobarau, ta ga Shehu Maghili a ƙarshen ƙarni na 15, ta kuma haifi irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, kuma duk inda malamai suka taru sai an yi saɓanin fahimta. Mafi girman saɓanin shi ne na lokacin jihadi, da malaman 'Yandoto, wadda a lokacin tana cikin ƙasar Katsina, suka ƙi yarda da kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, har abin ya ƙare da yaƙi. A wancan zamanin ne kuma Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno suka yi ta musayar wasiƙu a kan tambaya guda mai nauyi, wato ko ya halatta a yaƙi mutanen da suke salla don an ga suna aikata saɓo. Har yau ɗaliban ilimi na komawa kan waɗannan wasiƙu, don kowannensu ya yi magana da ilimi, ba da zagi ba.

Da boko ya zo, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yaye su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutanen da daga baya suka riƙa kare matsayin Arewa a majalisa. Daga 1950 sai siyasar jam'iyyun NEPU da NPC ta kawo muhawara cikin kasuwa da zaure, talaka ya fara tambayar haraji da jangali da ikon hakimi. A jamhuriya ta biyu jam'iyyar PRP ta rabu gida biyu, santsi da taɓo. Sannan akwai Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, malamin tarihi a ABU Zariya da ya rasu a 2005, wanda duk mai son ya ga yadda ake kafa hujja da takarda da alƙaluma ya kamata ya nemi rubuce-rubucensa, musamman na shekarun da Babangida ya buɗe muhawarar bashin Asusun Lamuni na Duniya, IMF, a 1985 kafin a shigo da SAP, shirin gyaran tattalin arziki, a 1986.

Inda ake yin ta

Majalisa ita ce uwa, wato benci ko tabarma a ƙofar gida bayan la'asar ko bayan isha'i, sai teburin mai shayi, sai tasha. A majalisar dattawa yaro ba ya katse babba, sai ya ce "Allah gafarta malam, ina da 'yar magana" ko "Baba a yi mini afuwa", kuma sau da yawa da wannan ladabin yake rusa hujjar babban gaba ɗaya ba tare da an ji haushi ba. Rediyo ta faɗaɗa abin, sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, ga shirinsa na Ra'ayi Riga, ga gidajen FM na cikin gari da ake bugo waya. Makarantun sakandare ma suna da ƙungiyar muhawara, a ba ka ɓangare ko ba ka yarda da shi ba ka kare shi. Yanzu kuma Facebook da WhatsApp da TikTok sun kwashe kaso mafi yawa, kuma a nan ne sojojin baka da yaran 'yan siyasa da ake saya wa data suka fi ɓata lamarin, don wanda aka biya ba zai taɓa cewa na sallama ba ko da ka kawo masa hujja kamar rana.

Maganar boda

In ana son a ga muhawarar da ta haɗa siyasa da tattalin arziki da hulɗar ƙasashe a wuri guda, to ita ce ta boda. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari, ɗan Daura, ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, daga baya aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga boda. Masu goyon baya suka ce shinkafar waje da ake sumoga ta Nijar da Benin ita ke kashe manominmu, a rufe a ci ta gida, ga kuma makamai da ke shigowa. Masu suka suka ce buhu ya yi tsada, ɗan Jibiya da ɗan Mai'aduwa da na Kwangwalam da duk rayuwarsu ciniki ne da Maraɗi da Damagaram an karya musu jari, sumoga kuma ba ta tsaya ba sai dai kuɗin hanya da ya ƙaru. Abin da ya sa ta yi zafi a nan, sau da yawa mai noman shinkafa da mai sayar da ita wa da ƙane ne, tukunya ɗaya suke ci. An buɗe wasu iyakokin a Disamba 2020, ta Jibiya sai a Afrilu 2022.

Ba a gama numfasawa ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, sojoji suka tsare Shugaba Bazoum, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufe boda, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har ana maganar tura soja. Nan tambayar ta koma ta ɗa'a: kare dimokuraɗiyya ya kai a hana maƙwabci magani da abinci? Wasu suka ce in aka ƙyale soja a Yamai gobe sai a gan su a wani wurin. Amma a Katsina da Daura mafi yawan muryoyin da aka ji na ƙin yaƙi ne, kuma ni ina ganin suna da gaskiya, don sarautar Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa, auratayya kuwa ba ta ƙirguwa. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS.

Sulhu da 'yan bindiga

Wannan ita ce mafi ciwo. Tsohon Gwamna Masari ya gwada sulhu a 2016 da 2019, daga baya da bakinsa ya ce an ci amanarsa, sai ga sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disamba 2020. Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa a 2023. Mai ƙin sulhu yana cewa zama da wanda ya kashe mutane lada ne aka ba shi, kuma ina haƙƙin marayu? Mai son sulhu, wanda galibi shi ne ke kwana a Batsari ko Safana ko Faskari, yana cewa shekara nawa bai shiga gonarsa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A majalisun cikin birni in baƙo daga waɗannan garuruwa ya zo, yawanci shi ake bari ya fara magana, sauran su yi shiru har ya gama.