Waiwaye: Lauyan ofis ko lauyan gaban alƙali, wa ya kamata ya riƙe shari'ar rauni?

A Gusau, kamar ko'ina a ƙasar nan, duk wanda ya gama makarantar horon lauyoyi Barista ake ce masa, kuma doka ta ba shi dama ya rubuta yarjejeniyar cinikin fili da safe, da rana ya sa baƙar riga ya tsaya gaban mai shari'a. Shi ya sa idan mota ta kaɗe mutum a hanyar Tsafe ko Kwatarkwashi, dangi kan garzaya wajen lauyan da suka sani, galibi wanda ya taɓa yi musu takardar gida. Sai dai a aikace lauyoyi sun daɗe da rabuwa: akwai mai kama kowane aiki daga ofis, akwai wanda kotu ce kasuwarsa. A shari'ar rauni, wannan bambanci kuɗi ne.

Asalin rabuwar daga Ingila take. Can ƙarnoni ke nan ana da aji biyu, solisita mai karɓar jama'a a ofis yana shirya takardu, da barista mai jayayya a manyan kotuna. Da tsarin ya iso Legas, dokar kotu ta 1876 ta bar mutum guda ya yi duka biyun, don lauyoyin ba su da yawan da za a raba su. Haka Sapara Williams, lauya ɗan ƙasa na farko, ya tarar lokacin da ya fara aiki a 1888. Dokokin 1962 da suka tsara aikin lauya suka kuma kafa makarantar horon lauyoyi ba su sauya wannan ba. Har lambar SAN ta babban lauya, da aka fara bayarwa a 1975, shaidar fice ce a aikin gaba ɗaya, ba ta gaya maka ko mai ita ya taɓa riƙe shari'ar karayar ƙafa.

Arewa kuwa tata hanyar daban ce. Tun zamanin Lugard aka hana lauyoyi shiga kotunan lardi da na alƙalai, kuma hanin ya bi kotunan yanki da suka gaji na En'e. Lauya na farko daga Arewa, Abdulganiyu Abdulrazaƙ ɗan Ilorin, sai a 1955 aka samu. Sai bayan tsarin mulkin 1979 ne manyan kotuna suka yanke cewa hana mutum zuwa da lauyansa ya saɓa wa 'yancinsa, ƙofar ta buɗe.

Wannan ba ya nufin mutanen ƙasar Zamfara ba su san biyan rauni ba kafin zuwan lauya. Alƙalan Malikiyya suna da ma'auni tsararre: diyyar rai raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, hannu guda rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Raunin da ba a ƙayyade masa ba, masana ne ke kimantawa, kuma ba a yankewa sai ciwon ya warke an ga abin da ya bari. Da aka ƙirƙiri jihar a 1996, sannan dokokin Shari'a suka fara aiki a farkon 2000 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, wanda aka ji wa ciwo ya wayi gari da ƙofofi fiye da ɗaya. Akwai kotun Shari'a idan ɓangarorin Musulmi ne. Akwai kotun da ke hukunta direba kan tuƙin ganganci, wadda za ta iya umartarsa ya biya wanda ya raunata. Akwai Babbar Kotu, inda ake kai kamfani ko hukuma. Idan a wurin aiki abin ya faru, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa suna da tasu hanyar. Zaɓen ƙofar shi ne gwajin lauya na farko, domin ƙarar da aka kai inda babu hurumi, ko an shekara uku ana yi, kora ce ƙarshenta.

Na biyu shi ne lokaci. Idan motar da ta yi ɓarnar ta hukuma ce kuma direban yana bakin aiki, dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara. Hukumomi da dama kuma dokarsu ta ce sai an aika musu takardar sanarwa tukuna, galibi ta wata guda. To, wata ukun farko su ne daidai lokacin da dangi ke zirga-zirga tsakanin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da asibitin koyarwa na Sakkwato ko na ƙashi na Dala, manya kuma suna cewa a bari a ga sauƙi kafin a yi maganar kuɗi. Lauyan da bai saba ba yakan ɓata makonnin nan yana aika wasiƙun neman sulhu. Wanda ya saba yana aika sanarwar a makon farko, ya shigar da ƙara kafin wa'adi, sannan ya zauna a yi sulhun.

Sai batun wa za a kai ƙara. Direban tipa ba shi da abin biya, kowa ya sani. Mai motar ko kamfanin da ya ɗauke shi aiki shi ke ɗaukar alhakin sakacinsa, muddin an nuna aikinsu yake yi lokacin haɗarin. Bayansu akwai inshora, wadda doka ta wajabta wa masu ababen hawa tun dokar 1945. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga ƙaramar mota ta gida ya koma naira 15,000, ana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3, rauni da mutuwa kuwa ba a sa musu wannan iyaka ba. Amma takardun bogi sun yi yawa, don haka ana duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na intanet tun ranar farko, a kuma sanar da kamfanin a rubuce cewa za a shiga kotu. In ba a sanar ba, yana iya zamewa bayan an yi nasara.

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne hujja. A nan babu masu taya alƙali yanke hukunci kamar a Amurka, mai shari'a shi kaɗai ke sauraro, kuma takarda ta fi kuka tasiri a gabansa. Diyya kashi biyu ce. Akwai asarar da ake iya lissafawa, kamar kuɗin aiki, magani, hoton ƙashi, motar kai mara lafiya, da ranakun da mutum bai fita nema ba. Wannan dole a jera ta ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, a kuma tabbatar da kowace. Akwai kuma ta raɗaɗi da nakasa, wadda alƙali ke kimantawa. Rasit ɗin kantin magani da ya kwana a aljihun ɗan'uwa har tawadarsa ta goge, kuɗinsa ya tafi. Ɗan kabu-kabun da ya ce yana samun kaza a rana, sai ya kawo littafin biyan mai mashin ko shaidar 'yan ƙungiya. Babbar matsala ita ce ɗori. Da yawa kan sa hannu su cire mara lafiya daga asibiti su kai shi wajen maɗori, inda babu kati babu rahoto. Idan ƙafar ta haɗu a karkace, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ba haɗarin ya nakasa shi ba, ɗorin ne, kuma magana ce mai wuyar turewa in ba likitan ƙashi ya zo ya yi bayani ba.

Ƙa'idojin Babbar Kotu na zamani, da Legas ta fara a 2004 sauran jihohi suka bi, sun ƙara tsananta abin. Yanzu tun ranar shigar da ƙara ake haɗa sunayen shaidu, da rantsattsen bayanin kowannensu, da kwafin duk takardun da za a dogara da su. Rahoton 'yan sanda da taswirar wurin haɗari da rahoton masu duba lafiyar mota, sai kwafin da hukumar ta buga wa hatimi. Hoton da aka ɗauka da waya sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011. Har sa hannu yana kayar da shari'a: a 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba sunan lauya ba, ba ta da inganci. Sannan a zo ga tambayoyin titsiye. Idan aka sa mai ƙara ya amsa da bakinsa cewa su huɗu ne a kan mashin, ko babu fitila, kotu na iya raba laifin ta zaftare masa diyya gwargwadon nasa kason.

Kada a ɗauka lauyan ofis ba shi da rana. Raunin da ya warke cikin makonni, mai mota ya amsa laifi, dattawan tasha sun shiga tsakani, abin da ake buƙata shi ne mai rubuta yarjejeniya mai kyau, kuma shi ya fi iyawa. Ko a nan ɗin, kada a sa hannu kan cewa an yafe sauran haƙƙi kafin likita ya faɗi inda ciwon zai tsaya. Amma idan an yanke gaɓa, ko laka ta taɓu, ko an rasa rai, tayin da kamfani zai yi ya danganta da wanda ke zaune a gabansa. Sun san lauyan da zai bi su har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato, sun san wanda zai gaji a ɗagewa ta uku.

Dokokin ɗa'ar aikin sun hana lauya riƙe abin da bai ƙware a kai ba sai ya haɗa kai da wanda ya ƙware, saboda haka tambayarsa ba rashin kunya ba ce: Barista, ka taɓa kai irin wannan har hukunci? Kai za ka tsaya ko yaron ofis? Wane likita za mu kira? An kuma yarda a shari'ar da ba ta laifi ba a yi yarjejeniyar biyan lauya daga abin da aka samu, amma a rubuta kason, a fayyace wa zai ɗauki kuɗin rajistar kotu da na kawo likita. Wanda ba shi da hali, Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, da aka kafa a 1976, dokarta ta haɗa da neman diyyar haɗari.