Doguwar tafiya a ekonomi cikin jirgin da ba ka taɓa shiga ba: tambayoyin da ake yawan yi min

Ni ɗan Tawa ne amma a Yamai nake kasuwanci, na kwana biyu ina zuwa Sin sarin kaya, kuma kullum a ekonomi, wato kujerun baya inda yawancinmu muke zama. To tunda Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agustan 2023, mutane da yawa da suka saba hanyar Faris suka koma bi ta Istanbul ko Kasablanka ko Adis Ababa, wasu ma ajans ce ke haɗa musu bilet da kamfanin da ko sunansa ba su taɓa ji ba. Duk wanda tafiya ta kama a danginmu sai ya biyo ta shago ko ya kira ni, tambayoyin kuma kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tattara su wuri guda.

Yaya, kamfanin nan ban taɓa jin sunansa ba, anya lafiya kuwa?

Ƙanena ne ya yi min wannan tambayar, kuma ita ce ta farko a bakin kowa. Don ba a san sunan kamfani a Yamai ba, ba shi ne jirginsa akwala ba, duniya da faɗi, akwai kamfanoni masu ɗaruruwan jirage da ba su taɓa sauka a filin jirgin Diori Hamani ba. Abu biyu nake dubawa a salula kafin in ba da ko dala. Na ɗaya, ko kamfanin yana cikin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, don ba a zama memba sai an ci binciken tsaro da suke kira IOSA. Na biyu jerin kamfanonin da Tarayyar Turai ta hana shiga sararin samaniyarta, tun 2006 suke fitar da shi kuma kowa na iya gani a intanet. In sunan yana cikin jerin nan ni dai ko kyauta ne ba na shiga.

Sannan ka duba bilet ɗinka da kyau, akwai wani ɗan ƙaramin rubutu "opéré par" ko "operated by", sunan da ke gabansa shi ne ainihin mai jirgin. Ethiopian da Turkish suna cikin ƙawancen Star Alliance, Royal Air Maroc ya shiga oneworld a 2020, to irin wannan haɗin gwiwar ne ke sa ka sayi bilet wajen wane ka tsinci kanka a jirgin wane. Ba cuta ba ce, amma ka sani tun daga gida kar ka tsaya kana neman sunan da ba ya kan allo.

Na samu bilet mai araha sosai, in saya?

Tsaya ka yi wa ɗan ajans tambaya uku tukuna, kar ka ji kunya, kuɗinka ne. Baliz nawa ke cikin kuɗin? Awa nawa ne eskal, wato jiran canjin jirgi a tsakiyar hanya? Kuma bilet guda ne daga Yamai har inda za ka, ko biyu ne aka manna? Ta ukun nan ita ce babba. In guda ne, jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kamfanin ne zai sa ka a wani jirgin, kayanka kuma galibi su ne ke wucewa da su har ƙarshe. In kuwa biyu ne dabam-dabam, ka makara ruwanka, za ka ɗauki kayanka a tsakiyar hanya ka sake rajista, wani lokacin hakan na nufin sai ka shiga ƙasar, shiga ƙasar kuma sai da biza. Rangwamen 'yan jikkunan da ka yi murna da shi nan take yake komawa asara.

Kilo nawa ake bari, kuma mi ba a shiga da shi?

A hanyoyinmu na Afirka galibi baliz biyu ne masu kilo 23 kowace, da jakar hannu ta kilo 7 ko 8, amma abin da ke rubuce kan bilet ɗinka shi ne hukunci, ba abin da maƙwabci ya ce an bar masa bara ba. Kuma 23 da 23 ne, ba wai ka cusa 40 a ɗaya ka bar 6 a ɗaya ba. Ka auna a gida ko a kasuwa wajen masu sikeli.

Jakar hannu: duk abin ruwa, turare ne, man shafawa ne, kwalbar kar ta wuce mililita 100. Na ga turaren da aka saya da tsada an ajiye shi a kwandon shara mai shi yana kallo. Batirin cajin salula na yawo shi kuma akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi a baliz ɗin da zai shiga ƙarƙashin jirgi saboda yana iya kamawa da wuta. Magungunanka, takardu, kuɗi, da tufafi na sauyi guda, duk a hannu.

Sai maganar tsaraba, wadda na san tana da zafi. Kilishi da cuku ba a shiga da su ƙasashen Tarayyar Turai, nama da kayan madara daga waje haramun ne a dokarsu, Sin da Amurka ma ba sa wasa da maganar nama. Inna ta ɗaure miki kilishi ki kai wa ɗanki ɗalibi, na gane, amma duwan ɗinsu ba sa jin wannan, su karɓe, wani wurin har da tara.

Takardu fa?

Fasfo mai sauran aƙalla wata 6, ƙasashe da yawa haka suke nema. Biza. Karne na rigakafin shawara, wanda tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, sai dai in yanzu za ka yi ta farko sai ta kwana 10 kafin takardar ta fara aiki, don haka kar ka bari sai ana gobe tafiya. Ka ɗauki hoton kowace takarda a salula. Sefa kuma ka canza ta tun a nan ka riƙe 'yan yuro ko dalar Amurka, don in ka bar yankinmu da wuya ka samu mai karɓarta.

Wace kujera zan zaɓa, taga ko bakin hanya?

A gajeriyar tafiya taga da daɗi. Amma Adis Ababa zuwa Guangzhou ta Sin sama da awa 10 ne, ni bakin hanya nake nema ko da sai na ƙara kuɗi. Manyan jiragen irin Boeing 787 da Airbus A350 galibi kujeru tara ne a jere, uku uku uku, tsakanin kujerarka da ta gaba wajen santimita 80 ne kawai, in kana taga duk tashin da za ka yi sai ka tayar da mutum biyu daga barci, mu kuma ga nauyin baki, sai mutum ya daure ya ƙi tashi. Yawancin kamfanoni suna buɗe rajista ta intanet kwana ɗaya kafin tashi, nan ne ake samun zaɓi. Kujerar jikin ƙofar gaggawa akwai wurin miƙe ƙafa amma ba a ba tsofaffi ko mai goyo.

Abincinsu halal ne?

Ya danganta da kamfani. Turkish sun ce duk abincinsu halal ne. Wanda ba ka sani ba kuwa, ka ce wa ajans ta sa maka MOML a bilet, harufa huɗu ne da kamfanonin jirage suka sani da abincin Musulmi, amma sai an nema kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ba a cikin jirgi ba. In an manta ka nemi na kifi ko na ganye. Ni ina tafiya da dabino da biskit ko yaya ne. A doguwar tafiya ta manyan kamfanoni abinci da ruwa da shayi suna cikin kuɗin bilet, na faɗi haka ne don na ga masu girgiza kai in an miƙo musu tire suna tsoron za a ce su biya.

An ce kar a sha ruwa da yawa don kar bayi ya dame ka, gaskiya ne?

A'a wallahi, wannan shawarar cutarwa ce, kuma ita ta fi damuna a duk tambayoyin nan. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, damshinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, kamar tsakiyar hunturu a Tawa lokacin da leɓe ke tsagewa, ga shi kana zaune wuri guda jini ba ya zagayawa a ƙafa yadda ya kamata. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna zaman tafiya fiye da awa 4 yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya, kusan mutum 1 cikin 6,000 ke nan, ba yawa ba, amma mai ciki da mai ƙiba da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan nasu ya fi, su ga likita kafin tafiya.

Wata tafiya na zauna kusa da wata Hajiya sa'ar mahaifiyata, za ta ganin likita, sau uku ana zagayowa da ruwa tana cewa ta gode. Na ga leɓenta ya bushe na ce, "Hajiya, ko azumi kike?" Ta yi shiru, can ta rage murya ta ce, "Ɗana, ban san yadda ake buɗe ƙofar bayinsu ba, kar in je in ji kunya cikin mutane." Na tashi na raka ta, na nuna mata tsakiyar ƙofar ake turawa ta naɗe, in an shiga a ja sakata sai fitila ta ƙara haske, kore a waje babu kowa, ja akwai mutum, na kuma gaya mata in ta danna maɓallin wankewa za ta ji ƙara mai ƙarfi kar ta firgita, iska ce ke zuƙewa. Da ta dawo kofi biyu ta sha a jere. Wajen sauka takalminta da kyar ya shiga saboda kumburi, sai da ta taka bayansa.

To ka sha ruwa, ka tashi ka ɗan taka duk bayan awa biyu in fitilar ɗamara a kashe take, in kana zaune ka riƙa juya idon sawu. Akwai maɓalli mai hoton mutum a saman kanka ko jikin allo, na kiran ma'aikata ne, aikinsu ke nan, ko ba ka jin Turanci ka nuna kofi za su gane. Bayan ka sauka in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe numfashi na wuya, asibiti kai tsaye.

Salla fa, Alhaji?

Matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗa salloli, yadda za ka yi a cikin jirgi kuwa ka tambayi malaminka tun kafin tafiya. Ni ina yin alwala kafin shiga, kuma filayen Istanbul da Adis Ababa da Kasablanka duk akwai wurin salla. Roƙona ɗaya, bayin jirgi ba a yi shi don kwarara ruwa a ƙasa ba, in za ka yi alwala a ciki ka taƙaita ruwa ka goge wurin saboda na bayanka.

In na sauka eskal ina zan nufa?

Bi alamar "Transfer" ko "Transit", kar ka bi masu fita gari. Nemi lambar jirginka a allo, ba sunan gari kaɗai ba, don ana iya samun jirgi biyu zuwa gari ɗaya, ƙofa kuma tana canzawa. Duk lokacin da ke kan bilet agogon garin da kake ne, Adis Ababa da Istanbul suna gabanmu da awa 2, Sin da awa 7. Filin Istanbul ƙato ne, daga wata ƙofa zuwa wata sai ka yi tafiyar minti ashirin, ka fara gano ƙofarka tukuna sannan shayi. Eskal ƙasa da awa biyu ba na so wa sabon matafiyi. Ethiopian kan ba da otal in jiran ya kai awa 8 zuwa 24 kuma babu jirgin da ya fi kusa, ka tambaya tun a Yamai.

Wani ya ce in riƙe masa saƙo.

Wanda ba ka sani ba, a'a, ko ya haɗa ka da Allah. Wanda ka sani, a buɗe a gabanka ka ga komi. Magani irin tramadol a wasu ƙasashe kamar Daular Larabawa ɗauri ne in babu takardar likita, kuma wanda aka samu abu a jakarsa shi ake kamawa.

In kayana ba su fito ba?

Ya taɓa faruwa da ni da wani kamfani, na tsaya har bel ɗin da ke fito da kaya ya daina juyawa. Kar ka fita daga zauren, je teburin kayan da suka ɓata da ɗan sitikan nan da aka manna maka lokacin rajista, a cika maka takardar da ake kira PIR a ba ka lamba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan haƙƙin fasinjojin jirgin sama ta ba da kwana 7 don kai ƙarar baliz da ta lalace, in kuma kaya suka kwana 21 ba su zo ba ana lissafa su ɓatattu a yi maganar diyya. Nawa kwana uku suka yi, rigar sauyin da ke jakar hannu ita na yi ta wankewa a otal.

Daga Tawa zan iya tasowa ranar tafiyar?

Kar ka yi. Wajen kilomita 550 ne ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, taya ɗaya ta fashe ko a tsaya a shinge lissafinka ya rushe, ka zo ana gobe ka kwana wajen 'yan uwa. Filin jirgi kuma awa uku kafin tashi. Sannan ka dubi awar da kyau don jirage da yawa cikin dare suke barin Yamai, in bilet ya ce Talata 01:30 to daren Litinin ne za ka tafi filin jirgi, wajen ƙarfe goma da rabi kana can da kayanka, ba daren Talata ba.