Waiwaye: Biba, dabbar da aka kashe don hula, aka dawo da ita don ruwa

Ba mu da biba a Kebbi, kai, ko a Afirka baki ɗaya. Dangin gafiya ce, amma takan kai kilo 20, ga jela faffaɗa kamar filafilin kwalekwale. A kogunan Turai da Asiya da Amurka ta Arewa take zama, ta sare itatuwa da haƙori, ta haɗa da laka ta tare rafi.

Gashinta ne ya ja mata, don da shi Turawa ke yin huluna masu tsada. A Birtaniya an gama da ita tun ƙarni na 16, kuma zuwa 1900 abin da ya rage a Turai da Asiya kusan 1,200 ne kacal.

Sai da ta tafi aka san aikinta. Madatsar biba tana yoyo, kuma yoyon shi ne sirrin. Ruwa yana tsiyayewa a hankali, ya jiƙa ƙasar da ke gefe, laka ta kwanta, kifi da kwaɗi da tsuntsaye su samu gida. Ambaliya ta rage kaifi, rafi kuma bai saurin ƙafewa da rani.

Aka shiga lallashinta ta dawo. A 1948 jihar Idaho ta Amurka ta zuba guda 76 cikin akwatuna, aka sako su daga jirgin sama da laima. Sikotlan ta fara gwaji a 2009. A Ingila an shekara biyar ana nazarinsu a kogin Otter, sannan gwamnati ta bar su a 2020, duk da ƙorafin manoman da ruwa ke shigar wa gonaki. Ƙorafin nasu ba ƙarya ba ne.

Wanda ya tsaya bakin Matan Fada a Argungu bayan damina, ya ga ruwa yana janyewa kaɗan-kaɗan yana barin baƙar laka, ya san wannan aiki. Fadama ce bibarmu. Da aka kammala madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, siminti ya riƙe ruwan kogin Sakkwato gam. Cikowar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da madatsar ta ragu, shinkafa da kifi suka ragu tare da ita. Manoman da aka ci gonakinsu kuwa suka tare hanya, a 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta.