Daga Akra zuwa Axim kai kaɗai a mota: tambayoyi da amsoshi kan hanyar gaɓar tekun Gana

Mutanenmu sun daɗe suna zuwa Gana, tun zamanin fataucin goro a Gwanja, amma yawanci iyakarsu Kumasi ko Akra, a sari kaya a juyo. Kaɗan ne ke ɗaukar mota su bi gaɓar teku zuwa yamma don ganin ƙasa kawai. Ga abin da ya kamata mai niyyar yin wannan tafiya shi kaɗai ya sani.

Wace hanya ce, kuma ina ta nufa?

Babbar hanyar ita ce N1, wadda ta taso daga Aflao a iyakar Togo ta ƙare a Elubo, iyakar Kwaddebuwa. Ɓangaren da ya fi kyau shi ne na yammacin Akra: Kasoa, mararrabar Winneba, Mankessim, Saltpond, Anomabo, Cape Coast, Elmina, Takoradi, sannan Axim. Daga Akra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, zuwa Takoradi kuwa ɗari biyu da ɗoriya, sai a ƙara sittin da wani abu a isa Axim.

To ana ganin teku tun daga farko har ƙarshe?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. N1 hanyar kasuwanci ce, cike take da tirelolin da ke zirga-zirga tsakanin tashoshin jiragen ruwa na Tema da Takoradi. A mafi yawan tsawonta ta ja baya daga ruwa da 'yan kilomitoci, abin da za ka gani shi ne daji da gonakin rogo da masu tallar abarba. Wanda ya taka mota bai tsaya ba zai iya isa Takoradi ya ce bai ga abin da ake ta zuzutawa ba.

Wurare biyu ne tekun ke fito maka da kansa. Na farko tsakanin Saltpond da Cape Coast, musamman wajen Abandze, inda tsohon sansanin Turawa ke kan tudu, da kuma gangaren Biriwa. Na biyu shi ne ɗan guntun da ke tsakanin Cape Coast da Elmina, inda itatuwan kwakwa suka jeru a hagunka, ruwa na dukan yashi a bayansu. Sauran kuwa sai ka karya kan mota ka sauka daga babban titi. Ka shiga Winneba, ka shiga Apam, ka shiga Shama. Kowace kwana za ta ci maka lokaci, amma ita ce tafiyar. A ganina wannan ne babban amfanin zuwa kai kaɗai: ba wanda zai ce maka yamma ta yi, mu wuce.

Kwana nawa ya kamata a ware?

Huɗu ko biyar. Kwana biyu a Cape Coast ko Elmina, ɗaya a Takoradi, sauran a Busua ko Axim.

Tuƙi kai kaɗai a baƙuwar ƙasa ba ganganci ba ne?

Abin tsoron a wannan hanya haɗarin mota ne, fiye da ɓarayi. Bayan an wuce Kasoa, mafi yawan titin hannu ɗaya ne kowane ɓangare, ga manyan motoci, ga ƙananan bas na haya da ake kira trotro, waɗanda direbobinsu ke wuce mota ko a kan kwana. Hanyar Akra zuwa Cape Coast ta yi ƙaurin suna wajen haɗari, su kansu 'yan ƙasar suna faɗa. Kowane ƙauye kuma da tudun rage gudu, wasu ba fenti, sai dai ka ji ƙasan mota ya daki abu.

Dokar ita ce kilomita 50 a awa cikin gari, 90 a babbar hanya, kuma 'yan sanda na tsayawa da na'urar auna gudu. Ana tuƙi ta hannun dama kamar Najeriya da Nijar, tun 1974. Ka fita Akra da asuba, domin cunkoson Mallam zuwa Kasoa kan cinye awa biyu idan gari ya waye. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, duhu kuma ba ya jira, don haka ka tabbata ka sauka kafin magariba. Tunda ba mai karɓarka tuƙi, da ka ji gyangyaɗi ka tsaya. Kowace safiya ka gaya wa wani na gida inda za ka kwana. Lambar gaggawa 112 ce.

In zo da motata daga gida, ko in yi haya a can?

Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma iyakoki uku ne: Seme, Hillacondji, Aflao. A kowace sai ka nuna fasfo, katin rigakafin shawara, takardun mota, lasin, da katin inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, sannan kwastan su ba motar takardar shiga ta wucin gadi. Yini guda na iya tafiya a nan. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza.

Idan yawon ne kawai ya kawo ka, haya a Akra ta fi sauƙi. Sai dai kamfanoni da yawa sun fi son ba da mota tare da direbansu, don haka ka yi magana da su tun kafin ka taso cewa kai za ka tuƙa. Kafin ka karɓi makulli ka duba safaya da jak da tukunyar kashe gobara da alamar gargaɗi, domin su ake tambaya a shinge. Ka kuma sayi layin waya ka buɗe MoMo, wato asusun kuɗi na waya, har mai sayar da kwakwa a bakin titi yana karɓa.

Su waɗannan tsofaffin sansanonin cinikin bayi da ake ta magana, sun cancanci a ɓata musu yini?

Sun cancanta, ko da ba za ka ga komai ba sai su. 'Yan Fotugal ne suka gina na Elmina a 1482 don cinikin zinariya, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Na Cape Coast kuwa 'yan Suwidin suka fara shi a 1653, daga baya ya zama hedikwatar Ingilishi har 1877 da aka mayar da mulki Akra. UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, tare da sauran sansanonin da ke warwatse a gaɓar.

Mai zagayawa da baƙi zai shigar da ku kurkukun maza na Cape Coast, ƙarƙashin ƙasa. Ɗaki ne na dutse mai ɗan tagar iska can sama, da wata 'yar kwata a tsakiyar daɓe, inda aka riƙa cusa ɗaruruwan mutane makonni suna jiran jirgi. A daidai samansa Turawan suka yi cocinsu. Daga nan sai ƙofar da ake fitar da su zuwa teku, wadda in ka leƙa yau za ka tarar da masunta suna gyaran koma. Bahaushe kada ya ɗauka labarin wasu ne. Da yawa daga waɗanda aka sayar daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin Salaga, inda fatakenmu ke sayen goro. A Assin Manso, kan hanyar Kumasi, akwai rafin da ake yi musu wankan ƙarshe.

Bayan ka fito daga na Elmina, ka hau tudun St Jago da ke fuskantarsa. Daga can za ka ga gadar tafkin Benya da ɗaruruwan kwalekwale masu fenti kala-kala da tutoci, hayaƙin bandar kifi na tashi daga unguwanni. Ranar Talata masuntan Fante, ƙabilar yankin, ba sa shiga teku, don haka mai son ganin hayaniyar sauke kifi ya zaɓi wata rana.

Yaya maganar salla da abinci?

Da wuya ka shiga babban gari a gaɓar nan ka rasa zango. A Cape Coast ka nemi wajen kasuwar Kotokuraba, a Takoradi ma ka tambayi kowa zango zai nuna maka. Tushen wasu zangunan ya koma ga fatake da sojojin Hausawa da Ingilishi suka kawo a ƙarni na 19. Hausarsu ta ɗan bambanta da ta Kano, ba su cika raba namiji da mace a magana ba, amma za ku fahimci juna sarai. Idan lokaci ya same ka a bakin ruwa, ka sa tekun a damanka ka ɗan karkata hagu, ka fuskanci alƙibla ke nan.

Abinci ba matsala. Da safe koko da ƙosai, da rana waakye, wato wake da shinkafa, da dare tsire a hannun mutanenmu. Amma kada ka wuce mararrabar Yamoransa ba ka sayi dokunun Fante ba, wato tuwon ƙullun masara da ake naɗewa a busasshen ganyen ayaba. Da soyayyen kifi da yajin shito ake cin sa, yana da ɗan tsami, kuma yana kwana biyu a mota bai lalace ba.

Ana iya wanka a tekun?

Wanda ya koyi iyo a kogi ko dam ya yi hattara. Igiyar wannan gaɓa tana da ƙarfi, akwai kuma ruwan da ke ja ta ƙasa zuwa ciki, masu ceto kuwa ba ko'ina suke ba. Busua na cikin wuraren da suka fi sauƙi. Ka shiga inda 'yan gari ke shiga, iya gwiwa ko ƙugu. Gaskiya kuma, bakin ruwan da ke cikin garuruwa akwai leda da ƙazanta, mai tsabta sai an fita gari.

Wane lokaci ya fi?

Nuwamba zuwa Maris. Babbar damina daga Afrilu ce zuwa Yuli, Yuni ya fi tsanani, kuma yankin Axim ya fi ko'ina ruwa a Gana. Mai son biki kuwa: Aboakyer a Winneba Asabar ta farko a Mayu, Bakatue a Elmina Talata ta farko a Yuli, Fetu Afahye a Cape Coast Asabar ta farko a Satumba. A irin waɗannan ranaku sai ka kama ɗaki tun da wuri.

Bayan Takoradi akwai abin da ya rage?

A nan ne ma motoci ke raguwa. Daga Agona Nkwanta ka karya hagu zuwa Busua da Dixcove, ko ka ratsa gonakin roba zuwa Cape Three Points, ƙarshen Gana ta kudu, inda akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1925. Hanyar can ba ta ƙaramar mota ba ce idan an yi ruwa. A Princes Town akwai sansanin da Jamusawan Brandenburg suka gina a 1683, a Axim kuma na 'yan Fotugal na 1515. Da ka hau gadar kogin Ankobra ka dubi ruwan: ya koma ja kamar kunun kanwa saboda haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba da suke kira galamsey. Haka kogin Pra yake a Beposo.

Gaba kaɗan sai Nkroful, mahaifar Kwame Nkrumah, sannan Beyin, inda za ka ajiye mota ka shiga kwalekwale zuwa Nzulezo, ƙauyen da aka gina bisa turaku a kan tafki. Ka je da safe, ka kuma cika tanki tun daga Axim, domin gidajen mai suna ƙaranci da zarar ka bar babban titi.